Dodon Ƙarshe na Baba Ɗantala

Hamdiyya ta ɗaga waya sama tana neman sabis. Sabon wasan da take saukewa a na'urar gem, don ta ƙara riƙe mahaifinta Baba Ɗantala, ya tsaya a rabi.

A falo Baba Ɗantala yana fafatawa da dodon ƙarshe na tsohon wasan. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Maradun yake zaune gidan mijinta a Talata Mafara, kunyar zaman gidan suruki na cin sa. Ya rantse ranar da ya kashe dodon nan zai koma gonarsa, ko da harbe shi za a yi.

Yau saura bugu ɗaya.

Ta ruga za ta fizge wayar wutar na'urar, sai ta tsaya cik a bakin ƙofa. Dodon na tangaɗi. Baba ya ɗage yatsunsa daga madannai a hankali, ya bari dodon ya cinye shi.

Ya waigo, suka haɗa ido.

"Baba, tun yaushe kake bari da gangan?"

Ya sunkuyar da kai. "Sati ukku ke nan, ɗiyata. Don Allah kada ki gaya ma mijinki."