Kazar da Aka Ɗura wa Bitamin

"Yau ranarki ce," wani mai kiwon mesa ya ce wa kazarsa, ya jefa ta cikin kejin mesar.

Ƙwan mesar ne ba ya ƙyanƙyashewa, ita kuma ba ta lasar magani. Shi ya sa likitan dabbobi, wani Bafaranshe a garin Garwa, ya ce a ɗura wa kaza bitamin da garin ƙashi, in ta yi ɓul-ɓul mesa ta haɗiye ta. Tun damina ake ɗura mata, ta ƙosa ta yi zafin faɗa, har karnukan unguwa suka daina bi ta ƙofar gidan.

Da safe matarsa ta leƙa kejin.

"Maigida, wa aka ce zai haɗiye wa?"

Mesar na lungu, ta cusa kai cikin jikinta. Kazar kuwa ta kwanta kan ƙwayayen, tana hararar kowa.