Shekara Bakwai a Firiza

Likita ta ɗaga farantin gwaji ta haska. Fes yake. Sabon maganin ya kashe ƙwayoyin cutar kakaf.

Shekara bakwai tana adana su a firizar ɗakin gwaje-gwaje, don kada su mutu kafin a samo maganinsu. Ko wuta aka ɗauke, ita ke riga kowa isa wurin janareta. Yau ta narkar da kwalbar ƙarshe.

"Anti, mun yi nasara fa," in ji abokiyar aikinta. "To kukan na mene ne?"

Likita ta ajiye farantin.

"Daga jinin 'yata na ɗebe su, ranar da ta rasu. Su kaɗai suka rage da rai daga jikinta."