Wa Ke Taɓa Ɓerayen Dama?

Ranar Litinin Farfesa ya wurgo mata takardar sakamako ya ce, "Ki kawo min wanda ke taɓa ɓerayen nan kafin Juma'a, ko in soke aikin gaba ɗaya."

Aikin shekara biyu fa! Ita kuwa ɗalibar, wadda duk ɗakin gwajin ke kira Uwar Ɓeraye, ba ta da wani abin da za ta gama digiri da shi sai shi.

Bari in warware muku. Maganin ciwon damuwa ne guda ɗaya, amma ƙirarsa biyu, kamar hannun hagu da na dama. A ido duk ɗaya, amma safar hannun wannan ba ta shiga wancan. Na hagu shi ke kama wurinsa a ƙwaƙwalwa ya sa sinadarin walwala ya daɗe. Na dama ɗan rakiya ne kawai. To ɓerayen da ake wa allurar na hagu kejinsu na kan kantar sama, na 'yan dama na kan kantar ƙasa, gefen soket ɗin wuta.

Ga inda gizo ke saƙar. Gwaji ya nuna sinadarin ƙwaƙwalwar 'yan dama bai motsa ko kaɗan ba. Amma ku zo ku ga rawar kai! Ka saka su a akwatin gwaji, sai su yi ta zagaye tsakiyar fili kamar gidan ubansu, alhali 'yan hagu suna lafe a lungu.

Wani ne ke yi mata zagon ƙasa, ta rantse.

Ta fara da Dogo, abokin karatunta. Ya kwashe da dariya. "Ni da ko kyankyaso na gani sai na hau tebur? Haba Uwar Ɓeraye, nemi wani."

Saura mutum ɗaya mai makulli, Baba mai shara. Dokar ɗakin a rubuce take a ƙofa: ba a taɓa dabba sai lokacin allura. Shi kuwa tsohon nan kullum yana ciki da tsintsiya yana ƙananan waƙoƙi. Rannan ma ta ji yana ce musu, "Sannunku bayin Allah." Me ya haɗa shi da su?

Da ƙarfe ɗaya ta duba jan agogonta mai fasasshen gilashi, ta ja kujera gefen soket kamar kullum, ta jona waya caji, ta kira mamanta. Hira take, amma hankalinta na kan tsohon. Ko Dogo ne ya saye shi? Ko canja kwalaben yake? Har ta kashe wayar ba ta san me suka ce ba.

Washegari ta ɓoye tsohuwar waya cikin kwalin safar hannu, kyamara na kallon kantar ƙasa. Ta canja makullin firjin magani. Baba ya gaishe ta, ta amsa a ciki-ciki.

"'Yata, lafiya kuwa?"

"Za ka ji lafiya ranar Juma'a."

Juma'a ta zo. Don tsabar tabbas ko kallon bidiyon ba ta tsaya yi ba. Ta tara su a ofis, Farfesa a zaune, Dogo jingine da ƙofa, Baba a tsaye yana murza hularsa. Ta kunna bidiyon, ta sa yana gudu da sauri.

Ga ƙafafun Baba da tsintsiya, ya share ya wuce. Ga lokacin allura. Shiru. Shiru.

Sai ga hannu.

Ya zare sakatar keji a hankali, irin na wanda ya saba. Ya ciro ɓera, ya ɗora a cinya, yana sosa masa ƙeya, yana yi masa cakulkuli a ciki. Ya mayar, ya ciro wani. Ɗaya bayan ɗaya, har takwas. Kwana na biyu haka, na uku haka.

"Kun gani ko!" ta ce tana nuna allon. "Wasa ake musu kullum, ba dole su yi walwala ba! Farfesa, a kore shi!"

Baba ya matso, ya ƙanƙance ido a kan allon, ya daɗe yana kallo.

"'Yata," ya ce a hankali, "ni dai ban taɓa mallakar jan agogo ba."