Na Cikin Wayar Muke So

Muttaka ya faɗo gidan Kansila Ladan a Kaura Namoda yana washe baki, dattawan ƙauyen Ɗan Isa na biye da shi.

Da can aikinsa ɗaga wayar kansila ne ya ce, "Honorabul na mitin." Rana ɗaya aka sallame shi, aka saka na'ura mai magana da muryar Honorabul sak. Shi ne gogan naka ya bi ƙauye yana tona asiri, ko a mayar da shi bakin aikinsa.

"Baba, ga shi nan, ku wanke shi!" in ji Muttaka.

"Yo ai mun sani tuni, yaro," in ji babban cikinsu. "Yaushe Honorabul ya taɓa ɗaga waya? Wanga ko ya ɗaga, ya gaishe mu, har ya tuna rijiyarmu da ta rufta."

Gumi ya keto wa Honorabul. "Ku yi haƙuri, yau zan kashe ta."

"Kul! Roƙo munka zo. Zaɓe mai zuwa, na cikin wayar muke so ya tsaya."

Honorabul ya juyo a hankali.

"Muttaka, wa ke ba da hayar keke napep? Nemo muna biyu, ni da kai mu kama sana'a."