Masu Jiran Saƙon Hansai

Alhaji Bature ya tofar da tuƙar goro, ya sake duban kekunan da suka yi layi a ƙofar shagon Raufu. A bazarar shekarar da aka canja kuɗi ne, manoma sun gama sharar gona, kowa yana neman irin shuka. Alhajin bai fi shekara da baro Matazu ya buɗe shago a kasuwar Funtua ba, amma ya riga ya yanke wa kowa hukunci, ya kuma ajiye Raufu a can ƙasa.

A ganinsa abin da Raufu yake yi bara ne, ba ciniki ba. Duk wanda ya sayi ko da bakin garma ne, sai wannan ɗan Bayaraben ya rusuna ya tambaye shi, "In kaya sun iso, a aiko maka?" Wanda ya ce a'a, ba a sake damunsa. Wanda ya amsa, sai a shaida wa Hansai, wata tsohuwar dillaliya mai shiga gidaje da zannuwa. Ita ke riƙe sunayen a kanta. Ranar da mota ta sauke kaya, sai ta bi motocin kasuwa zuwa Mahuta da Tsiga, ta leƙa gidajen da suka yarda, ta bar magana gajeriya, "Iri ya iso." Kafin rana ta yi tsaka shagon ya cika.

Alhaji Bature ya zuba dukan abin da ya samu na auduga a kan mota guda ta irin masara, wanda aka cuɗanya da jan magani. Irin nan ba ya ciyuwa, ko kaji ba a ba su. Idan shuka ta wuce yana jibge a shago, ya zama shara, shi kuwa sai dai ya koma Matazu hannu biyu.

Don haka ya sa wa tsohuwar ido, abin da ya gani kuwa ya yi masa daɗi. Bai taɓa ganin Raufu ya miƙa mata ko kwabo ba. Idan ta zo shagon, ba ta dubansa, gefe take zama ta kau da kai, ko da ya durƙusa yana gaishe ta. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "mai shagon can". Alhaji ya kammala a ransa cewa marowaci ya samu baiwar da ba ya biya, baiwar kuma ta ƙoshi da shi.

Ya aika aka kira ta, ya ajiye mata turmin atamfa.

"Tsohuwa, me wancan yaron yake ba ki?"

"Ba ya biyana, Alhaji."

"Na sani. Irinsu sai ci. Daga yau ni za ki yi wa."

Hansai ta shafa atamfar, ta ce mutanen da take zuwa wa ba su ba ta izinin kai musu saƙon kowa ba. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Izini! Manomi da faso a ƙafa, shi ma har yana da ƙofar da ake neman izini? Domin ya nuna mata bambancin attajiri da ɗan tireda, sai ya ce ta bar talakawan Raufu tukuna, ta zo ta ga mutane.

Ya sa ta a bayan motarsa, ya zaga da ita gidajen manyan manoman da suka san mahaifinsa, masu shanun noma da rumbuna, waɗanda da su kaɗai yake taƙama. A kowane zaure sai ya nuna ta da baki ya ce, "Duk abin da wannan ta gaya muku, ku ɗauka." Ita kuma takan shiga cikin gida ta daɗe wurin mata. Ya ji ta da kunnensa tana tambayar Malam Sanda na Tsiga, wanda ya fi kowa yawan gonaki, ko ya yarda a riƙa aiko masa. Ya bar ta da ƙauyancinta.

Ruwan farko ya sauka. Alhaji ya sa aka share shago, aka jera buhuna har rufi, ya tura Hansai, ya hau kujera da sabuwar riga.

Hantsi ya yi, azahar ta wuce. Wanda ya shigo shi ne mai neman canji. Can sai ya ga amalanken Malam Sanda ya wuce ta gabansa bai tsaya ba, wani na biye da shi, wani kuma na biye da wannan. Ya san shanun ɗaya bayan ɗaya. Duk a ƙofar Raufu suka tsaya.

Ya tsallaka hanya takalmi ɗaya a ƙafa. Mutanensa ne cike da wurin, ana ɗora musu buhuna. Hansai tana gefe a kan tabarma, sanye da atamfarsa, ta kau da kai kamar kullum.

"Malam Sanda, mene ne haka?"

"Kai ka ce mu ɗauki abin da ta gaya mana, Alhaji. Nan ta ce."

"Wannan matar? Matar da ko sunansa ba ta iya faɗa saboda ƙiyayya?"

Malam Sanda ya dube shi da tausayi irin wanda ake yi wa mara lafiya, ya gyara igiyar buhunsa.

"Haba Alhaji. Uban Raufu ne kaɗai Bayarabe. Kai ma fa Bahaushe ne. A ina ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari?"