Zanen da Ba a Rataye Ba

Tun daga gida Auta ya yanka takardun, domin inda Yaya yake ba a shiga da almakashi. Ya jera su a kan tebur, masu ruwan ƙasa, masu kauri, irin waɗanda ba sa lanƙwashewa in sun sha ruwa. Gefensu ya ajiye ƙaramin akwatin fentin ruwa da buroshi mai laushi.

Yaya ya shafa takardar da tafin hannu kamar mai taya yadi a kasuwa. Shi dai farar takarda ba ta taɓa burge shi ba. Cewa yake yi wahalar banza ce, sai ka yini kana haɗa kala kana neman fatar mutum. Wannan kuwa da fatarta take zuwa daga shago. Inuwa kawai za ka shimfiɗa a ƙarƙashin haɓa da gefen hanci, ka ɗiga fari a goshi da ƙwayar ido, sai ka ga mutum ya taso yana kallonka.

Kuma kullum mutum ɗaya ke tasowa, wato 'yarsa tilo, wadda yake kira Uwata. Rabonsa da ita tun tana goya jakar makaranta, ga shi yanzu ta zama malamar asibiti, har an sa ranar aurenta. Da bakin ƙaninsa yake ganinta.

"Kumatun nan suna nan, ko aiki ya cinye su?"

"Suna nan, Yaya. In ta yi dariya har idon ɓacewa yake yi."

"Na wancan zuwan fa, a ina ta rataye shi?"

"A falo. Saman talabijin."

Ƙarya ce, kuma Auta ya goge a kanta har ya daina in'ina. Zanen yana but ɗin motarsa tare da 'yan'uwansa, an naɗe su a tsohon zanin gado. Ko ɗaya yarinyar ba ta taɓa karɓa ba. Duk inda ya je da su yake yawo, a cikin motar nan da abokai ke yi wa tsiya wai ko mai keke yana wuce ta, saboda sanyin tuƙinsa. Duk lokacin da ya buɗe but ɗin sai ya ji zuciyarsa ta yi masa nauyi, kunya ta rufe shi.

Yaya ya tsoma buroshi a kofin roba, ya ja inuwar mayafi a hankali. Layin ya ɗan karkace. Bai goge ba. Ya ce fentin ruwa ba ya komawa baya, in ya zauna ya zauna, sai dai ka gina sauran zanen a kan kuskuren. Auta ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota a aljihu.

Fari shi ne na ƙarshe. Yana ɗiga shi a idanun sai ga yarinyar tana murmushi a kan tebur, daidai lokacin da gandiroba ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, ya ce ziyara ta ƙare.

Yaya ya hura zanen ya bushe, ya miƙa masa. "Wannan na aure ne. Ka tsaya mata a matsayina ranar, kai ma ubanta ne." Auta ya buɗe baki zai yi magana, wan ya kafe shi da ido. "Yadda muka yi, a bar shi haka. Ka ji ni?"

Ya ji. Amma wannan karon bai buɗe but ba. A kujerar gaba ya ajiye zanen, ya biya wurin mai firam aka sa masa gilashi, ya wuce gidan da yarinyar take kai tsaye kafin zuciyarsa ta karaya.

Ya tarar da ita a tsakar falo cikin kwalayen kayan kicin, ko fararen kayan aiki ba ta cire ba. Ta tare shi da fara'a, ta kawo ruwa. Da ya juyo mata da firam ɗin sai fara'ar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallo, don kamar ta fito ƙwarai, har ɗan karkacewar da take yi wa mayafi. Ya ga leɓenta na rawa, ya fara sa rai.

Sai ta kife shi a kan kwali.

"Baffa, don Allah ka daina wahalar da kanka. Kullum irin su ake kawo mana asibiti, an buge ɗan mutane a titi an gudu an bar shi kwance. Ni nake wanke musu jini, ni nake fita in gaya wa iyayensu. Wanda ya yi wannan, ko shi ya haife ni, abin hannunsa ba zai hau bangona ba."

"Uwata, mahaifinki mutumin kirki ne. Ba ki san..."

"Na san wanda ya riƙe ni." Ta kama hannunsa na dama da hannuwanta biyu, hawaye na zubo mata. "Kai ka kai ni makaranta, kai ka kwana a kaina da ba ni da lafiya. Ni ba ni da uban da ya wuce ka."

Auta ya so ƙasa ta tsage ya shige. Maganar ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta, kamar yadda ya haɗiye ta ranar da 'yan sanda suka zo neman mai motar, Yaya ya tura shi ɗaki ya fita shi kaɗai, ya ce musu shi ne direban. Hannun nan da take riƙe da shi tana sa wa albarka, shi ne a kan sitiyari ranar da aka buge ɗan mutanen.