Jakin Jitar Baba

Baba ya ɗora yatsa a kan tsirkiya, ya cije leɓe, ya danna. Jitar ta yi wani kuka irin na ƙofar da ta manta ɗanɗanon mai. Ya saki hannun ya faɗi a cinyarsa.

"Kin gani ko, Auta? Hannun nan ya riga ni tafiya."

Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, duniyar Auta ta tsuke ta koma tsakanin gado, kicin da layin asibiti. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannun hagu ne ya ƙi. Shi ne kuwa hannun da ya ciyar da gidan, shi yake danna tsirkiyar jitar lantarki tun kafin a haife ta. Kullum da safe takan shafa masa mai, yatsa bayan yatsa, har kan nan nasu mai tauri kamar ƙofaton akuya.

Yayyenta sun raba jinyar da adalci: su gaisuwa a waya, ita wanki da ɗaukar kwano. "Ai ke ce ba ki da nauyi, Auta," in ji babbar yayarta. Auta ta iya maganar har da jan hancin, takan yi wa Baba ita har ya ƙware don dariya.

Wannan kwaikwayon ne ya samo mata aiki a wani gidan rediyo a gari mai nisa. Sun ce za su jira ta zuwa ƙarshen wata, daga nan su ba wata aikin. Sai dai bakinta ya riga ya ɗaure ta. A gadon asibiti ta rantse masa ba za ta bar gidan ba sai ta ji ya buga waƙar da ya yi wa marigayiya mamarta, daga farko har ƙarshe. Shekara ta biyu ke nan.

Ta saɓi jitar ta kai wa mai gyara, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene inda mutum biyu ba sa juyawa tare.

"Tsirkiya mai kauri lamba goma sha biyu! Ƙanwata, wannan ai igiyar shanya ce," in ji mai gyaran. Ya nuna mata tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin da wuyan jitar, har ɗan ƙaramin yatsa ya nemi shigewa. "Ƙarfen nan da suka hau, jaki ake ce masa. Na Babanki ya zama raƙumi. Mai lafiya ma sai ya yi nishi."

Ya ɗaura lamba takwas, sirara kamar gashi. Ya sa wani ɗan mabuɗi ya yi ta sauke jakin har tsirkiyoyin suka kusa kwanciya. "Yanzu ko ƙuda ya sauka sai ta yi magana. Ni ma irinta zan koma, wata biyu na bar bugawa, dubi yatsuna sun zama na amarya." Ya jefa mata mabuɗin cikin akwatin jitar.

Baba ya taɓe baki. "Lamba takwas? Ta 'yan koyo." Amma ya danna. Sauti ya fito tas. Na biyu ma ya fito. Auta har ta hango kanta a tasha. Sai tari ya kama shi, ya ce ya gaji, a bari sai gobe.

Washegari da ta dawo daga kasuwa, jitar ta koma kukan ƙofa. Tsirkiyoyin sun yi sama.

"Danshi ne," in ji Baba. "Yana lanƙwasa wuyan. Itace ma tsufa yake yi."

Ta duba akwatin, babu mabuɗin. Ta zagi kanta da sakaci, ta sake saɓar jitar.

Mai gyara ya rufe ido ɗaya, ya auna wuyan kamar mai saitin bindiga. Lafiyarsa lau. Ya sauke jakin yana mita, wai tsirkiya sabuwa har ta yi baƙi. Auta ta ce hayaƙin kicin ne. Sau uku tana kai ta, sau uku jakin yana miƙewa, ranakun watan kuma suna zubewa.

A bakin ƙofa maƙwabciyarsu ta tare ta. "Don Allah ki ce wa Baba ya riƙa rage kaset ɗin nan nasa in kin fita, jaririna ba ya samun barci." Tausayi ya kama Auta. Tsoho shi kaɗai a ɗaki, yana sauraron hannun da ya rasa.

Ranar ƙarshen wata ta kira gidan rediyon. Da ta ji tata muryar za ta karye, sai ta ari ta babbar yayarta, har da jan hancin, ta ce su ba wata. Ta ture jakar tafiyarta ƙarƙashin gado da ƙafa, ta ɗauko kwalbar mai.

"Allah ya yi miki albarka, Auta," in ji Baba, ya miƙa mata hannun hagun da na dama.

Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. A kan na uku ta tsaya. Tauri kamar kullum, ba irin na amarya ba. A tsakiyar taurin kuma ga wani siririn layi, sabo, daidai kaurin lamba takwas.

Sai a lokacin ta tuna cewa rediyon kaset ɗin Baba ya ƙone tun bara, abin da yake hana jaririn maƙwabciya barci hannun nan ne da take riƙe da shi.